Baba Akanbi da Akwatin da ke Jin Inuwa

A da, in ka bi ta Badariya a nan Birnin Kebbi da hantsi, sai ka iske Baba Akanbi a ƙofar rumfarsa, tabarau bisa goshi, yana ɗumama ƙarfen narka dalma. Mai gyaran rediyo ne. Iyayensa daga kudu suka zo, amma Hausar bakinsa ta Kabi ce tsantsa. Mutum ne da ba ya yarda da kome sai ya gwada. Ka kawo masa kaya sabo dal cikin leda, sai ya juya shi, ya sansana, ya dube ka ta gefen ido kamar kai ka ƙera jabun.

Abin da ya fi tsana shi ne bolum, ɗan maɓallin nan da ake murzawa a ƙara sauti ko a rage. "Munafuki ne," in ji shi. "Yau lafiya lau, gobe sai ƙarar-ƙarar." Shi ya sa akwatunan da yake haɗa wa masu jita, masu sa kiɗa ya yi amo ko ya yi kuka, ba ya sa musu bolum ko ɗaya. Yawanci resista, 'yan ƙananan abubuwan nan masu rage ƙarfin lantarki, yake jerawa a kan makunni mai hawa-hawa, kowane hawa da nasa sauti.

Na Kalilu kuwa daban ne. Kalilu makaɗin jita ne a Argungu, da ita yake ciyar da gidansu. Danshin bakin gulbi ya yi ta cinye masa bolum har ya sha kunya a tsakiyar biki. Sai Baba ya sa masa wani ɗan abu kamar ƙwayar wake, mai jin haske. In Kalilu ya yi masa inuwa da ƙafa, sauti ya lafa, in ya janye ya tashi. Ba taɓawa, ba murzawa.

To fa! Akwatin da ke amsa mutum ba a taɓa shi ba? Masu biki suka fara ja da baya. Laure, mahaifiyar Kalilu, ta sa ido. Rannan yana gwaji a tsakar gida, ta yi bisimilla ta kifa wa akwatin faifai. Kiɗa ya ɗauke ɗif.

"Ka gani ko?" ta ce. "Na ambaci Allah, abin ya yi tsit. Wanga akwati akwai mutanen ɓoye ciki. Ko ka jefa shi gulbi, ko ka bar kiɗan ga baki ɗai."

Kalilu ba ya musu da uwa. Ya kira Baba a waya.

Baba Akanbi ya rufe rumfa ya hau mota sai Argungu. Ya gaida Laure, ta amsa ba ta ko dube shi ba. Ya kwance murfin akwatin a gabanta, ga wayoyi, ga batir, ba laya ba guru.

"Hajiya, ni ma ban yarda da abin da ban gani ba," ya ce. "Sake bisimillarki, ki ɗaga faifan a hankali."

Ta yi, Kalilu na kaɗawa. Sauti ya taso. Ta sauke, ya kwanta. Ta ɗaga, ta sauke, tana hararar akwatin.

"Inuwa ce ɗai, Malam?"

"Inuwa ce, Hajiya."

"To, shi yi kiɗinai. Amma abin ga ba shi kwana man ɗaki." Har yau a zaure yake kwana.

Bana Baba ya aje aiki, yanar ido ta hana shi ganin wayoyin rediyo. Wallahi abin ya taɓa mu. Baba Akanbi, kai ne aka zarga ba ka yi fushi ba, ka bi mai zargin har gida ka buɗe mata akwati. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Masu sana'a, in an yi shakkar aikinku, ku buɗe murfi kamar yadda ya buɗe.

Ranar da ya kwashe kayansa, Kalilu ya zo da jita da akwatin, Laure ta biyo shi da ƙunshin busasshen kifi da faifanta. Ɗa na kaɗawa, uwa na yin inuwa. Baba ya karkata kunne, ya ɓata rai, yana farautar ƙarar-ƙarar. Ya daɗe yana saurare bai samu ba.

Sannan ya cire tabarau ya share ido.

"Na yarda," ya ce.