Yaya Rabi da Aron Ƙwarya

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Rabi. Da bazara ta tafi, irin bazarar nan da hadari yake haɗuwa ta gabas kowace la'asar, ya watse ba ko ɗigo. A shekarar ba wanda ya iya zama wuri guda. Maza su fita gona da iri su dawo da shi, awaki suna cin tsumma a bakin kasuwa, mu mata muna auna hatsi muna sake aunawa kamar zai ƙaru. Bana ma haka take neman yi mana. In na zauna kan tabarma sai in tashi, in na tashi ban san abin da na tashi yi ba. Shi ne na ce bari in ɗauko alƙalami, tunda ita ce ta ja ni ajin yaƙi da jahilci ina da goyo a baya, ta ce ko sunana in iya rubutawa.

Ƙauyenmu yana ƙasar Ollelewa, nan cikin Damargu. Masallacinmu yana da gona, wani tsoho da bai bar magaji ba ne ya bayar da ita. Jama'a suke noma ta da gayya, abin da aka samu a haɗa da zakkar mutane a zuba a rumbun masallaci, a ajiye wa ranar wuya. Yaya ba ta da wani muƙami a cikin wannan. Sharar wajen mata take yi, ta cika randunan alwala. Amma duk wanda ya san garin ya san rabin aikin a kanta yake.

Lokacin da muke tasowa gonar nan tsirara take. Iska ta taso ta binne shuka da rairayi, a sake shukawa, ta sake binnewa. Yaya ta lura duk shekara wajen sassabe maza ba sa barin toho ko ɗaya. Ba ta yi wa kowa wa'azi ba. Tsohon zanenta ta yayyaga, ta bi gonar tana ɗaura tsumma a kan kowane ɗan gawo, da aduwa, da magarya. Maza suka zo da gatura suka tarar da itatuwa da ɗaurin kallabi. Sun yi dariya har da riƙe ciki, ladan ya ce Rabi ta yi wa daji kwalliyar salla. Sai dai ba wanda ya iya sa gatari a kan abin da babbar mace ta ɗaura wa zanenta. Yau in kun biyo hanyar Tanut kuka ga wata gona mai duhun itace a tsakiyar fili, ita ce. Maƙwabta ma sun ɗauka, kowa yana barin nasa.

Haka ta yi da maganar makiyaya. Akwai shekarar da wasu suka ce hatsin rumbu na ƴan gari ne, Fulani da Buzayen da ke sauka gefenmu da rani su nemi nasu. Ta je wurin matar liman ta zauna, ta ce a tambayar mata Malam: sahun da suke tsayawa ranar Juma'a daban ne da na ƴan gari? Kuma takin da gonar masallaci take ci, daga garken wa yake fita? Da Malam ya tashi huɗuba sai ga tambayoyin nan a bakinsa. Daga ranar aka bar burtali a gefen gonar don dabbobi su wuce, aka kuma daina tambayar mai yunwa daga ina ya fito.

Amma ba wannan ya hana ni zama ba. Yadda take raba hatsin ne.

Kun san a wurinmu ba a mayar da ƙwaryar aro wayam. Ko ɗan gishiri ne, ko kuka, sai an saka. To, da wannan Yaya take aiki. In ta ji kwana biyu ba ƙarar taɓarya a wani gida, sai ta shiga da sallama, a gaisa, ta ce baƙi za ta yi, ƙorenta sun kasa, a ara mata babba. Bayan kwana biyu ta mayar da ita da hatsin masallaci a ciki, an rufe da faifai. Liman ya ba ta mabuɗin rumbu, ba ya tambayarta. Ni nake rakiya. Abin da yake ba ni kunya shi ne ba ta fita gidan sai ta roƙi wani abu. Nan ta ce a sam mata kanwa, can ta ce a ara mata allura, wani wuri ta zauna ta kwance kai ta ce a yi mata kitso, alhali jiya aka yi mata. A hanya in yi ta ƙorafi, in ce Yaya ga kanwa can cike da tukunya a ɗakinki. Sai ta yi dariya ta ce ni dai in riƙe mata faifai.

Yanzu ɗan farina ne yake riƙe da rabon. Ba zan rubuta sunansa ba, kamar yadda ban taɓa kiran sa ba, mutane dai suna ce masa Malam Ƙarami. Da aka yaye shi Yaya aka ba, a ɗakinta ya girma, ita yake kira Inna. Ni Iya yake ce mani, ya durƙusa daga bakin ƙofa mu gaisa, kowa yana kallon wani wuri. In ya yi ba daidai ba ita take ja masa kunne. In ya yi abin kirki ita take faɗa mani, ni kuma in yi kamar ban ji ba.

Kuma ya yi abin kirki, Allah ya sani. Shi ya haɗa ƴaƴan garin da ke neman abinci a Agadas da Aljeriya da Libiya, suna turo abin da ya sawwaƙa ana sayen hatsi tun da kaka. Rumbun kara ya zama mangaza ta bulo mai ƙofar ƙarfe. Abin da ke ciki yau, Yaya ba ta taɓa ganin rabinsa ba. Sai dai masu turowa sun ce suna so su gani da idonsu, don sun sha jin inda aka tara aka cinye. Ban ga laifinsu ba, gumin jikinsu ne. Shi ne aka sa doka: mai karɓa ya zo da kansa ranar Juma'a da hantsi, ya tsaya a layi, a auna masa, ya riƙe a ɗauke shi hoto da salula a aika.

Da yawa suna zuwa. Yunwa ba ta bar masu zaɓi ba. Wasu mata suna jan mayafi su rufe rabin fuska, a ce su buɗe.

Dije ba ta zuwa. Bafulatana ce, sa'ar Yaya, bukkarta tana ƙarƙashin gawo a bakin burtali. Shanunsu sun kusa ƙarewa a fari biyu, ɗanta ya kora ƴan da suka rage ya yi kudu, ya bar ta da jikoki mata biyu. Juma'ar farko ta zo har kusa da mangaza, ta ga ana ɗaga salula, ta juya. Da aka tambaye ta sai ta ce rijiya za ta. Macen da a da take aiko wa rabin garin nan da nono ranar suna. Na san abin da ke tukunyarta, don na ga jikokin suna tsintar ƴaƴan aduwa tun ba su nuna ba. In ruwa ya sauka ma akwai wata uku kafin sabon hatsi. Ba za su kai ba.

Sai na ce ai na san hanya, shekara nawa ina rakiya. Na je na ari ƙwaryarta. Ba ni da mabuɗin mangaza, daga ɗan abin da ya rage mana na ɗiba. Ban ma iya jira kwana biyu ba, ran nan da yamma na mayar, na cika ta har tana zuba. Na ajiye, na ce na gode, na juyo da sauri don kada ta ji nauyi. Na kwana ina jin na yi abin Yaya.

Da safe sai ga Dije a tsakar gidana da hatsin a ƙulle cikin zane. Ta gaishe ni, ta tambayi yara da awaki ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ajiye ƙullin a gabana.

"Na ɗebi tafi ɗaya, na aron ƙwarya. Saura naki ne, ƙanwar Rabi."

Na fara rantse-rantse, ta ɗaga hannu.

"Rabi da buƙata take zuwa mana. Ke da tausayi kika zo."

Ta tafi ta bar ni tsaye. Ashe duk sun sani. Shekara da shekaru sun san baƙin Yaya ba sa zuwa, sun san daga inda hatsin yake. Kanwar nan da allurar nan da nake jin kunyarsu, su ne suke sa mace ta karɓa ta kuma iya ɗaga kai gobe a bakin rijiya, don ita ma an fita gidanta da wani abu. Ni ina gefe riƙe da faifai, ban ga komai ba.

Tun ranar nake kai da kawowa. Na aika wa Malam Ƙarami ta bakin matarsa, ko za a auna wa Dije a kai mata gida. Ya ce doka ta kowa ce, in ya karya wa ɗaya gobe goma za su ce su ma, masu turowa kuma su janye. Na je wurin matar liman, yadda Yaya take yi. Liman ya tsufa, ya ce a bar yara su yi aikinsu, Allah ya yi masu albarka. Ranar Alhamis bayan la'asar Malam Ƙarami ya zo gaishe ni. Na juya ina tsince wake, na ce wa waken akwai mutanen da yunwa ta fi masu hoto sauƙi. Daga bakin ƙofa ya amsa.

"Iya, ba son raina ba ne. In hoto bai je ba, hatsi ba ya zuwa."

Shi ma gaskiya ya faɗa. Abin da ya fi damuna ke nan.

Ina ta tambayar kaina, da tana nan me za ta ce? Na san za ta shiga mangazar nan ta shafa buhunan ta yi hamdala, ta ce ɗanta ne ya yi. Ban sani ba ko za ta yi faɗa. Ba ta cika faɗa ba, zagayawa take yi ta ɓullo wa abu ta inda ba a zata ba. Wataƙila ta karɓi salular ta juya ta, ta ce a nuna mata inda ake latsawa. Wataƙila ta zaunar da shi ta tambaye shi fuskar wa yake so a gani a Libiya tana riƙe da tiya uku. Ita tana iya kiran sunansa ta ce zo nan. Ni ba na iyawa.

In na auna abin da ya rage nata, itatuwa suna nan, sun ma fi ƙarfin gatari. Burtali yana nan, ko da an ɗan ci gefensa. Ba a ƙara cewa wane baƙo ne a bakin rabo ba. Duk abin da ta ɗaura wa tsumma ko ta sa a bakin liman ya tsaya. Abin da take yi da hannunta a cikin ɗakunan mata, ba mai gani, shi ne ya bi ta. Ba ta koya wa kowa ba, ko kuwa ta koya, wadda aka koya wa ce ba ta ɗauka ba. Allah ya jiƙanki, Yaya. Kin bar mana inuwa da hatsi, kin tafi da yadda ake miƙawa.

Washegarin zuwansa gaisuwa, Juma'a, na yi shara, na ɗauki babbar ƙwaryata na yafa mayafi na tafi mangaza. Na shiga layi bayan matar makaho. Mata suka fara taɓa juna, wata ta ce in wuce gaba, na ce a'a, nan ya yi. Rana ta ɗaga kafin a zo kaina. Mai awo ya ga ƙwaryar kafin ya ga fuskata, ya tsaya da tiya a hannu. Malam Ƙarami ya riga ya ɗaga salula.

"Iya."

Ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba sai ranar.

"Hatsin ba nawa ba ne, ka san mai shi. Fuskar ce tawa. Ɗauka ka aika masu."

Sai ya ce wa mai awo ya zuba, ya juya salular wajen buhuna ya ɗauki buhunan. Ban san abin da zai faɗa wa mutanen Libiya ba, ban san ko Juma'a mai zuwa zai sake ɗagawa ba. Ban tsaya tambaya ba.

Na biya ta gida na kwance akuyata da ta yi kwana shida tana ɗingishi, na rasa kanta. Ƙwarya a ka, igiya a hannu, muka bi burtali tana tirjewa ina ja. Dije tana zaune bakin bukka. Na yi sallama, na ce mata akuyar nan za ta mutu a hannuna, ni ban san kan dabba ba. Ta dubi ƙwaryar da ke kaina, ta dubi akuyar, ta daɗe tana dubawa.

Sannan ta ce in sauke kayan nan tukuna, in ɗaga mata ƙafar ta gani.