Sista Zaituna da Tukunyar Ruwan Zafi

Hashim mai kemis a bakin kasuwar Gashuwa jahili ne da ya samu allura a hannu, kuma saura ƙiris ya hallaka matar mutane. Ba don Sista Zaituna ba, da yanzu wani zancen ake yi.

Shekara talatin da ɗaya Sista tana wankin ciwo a ɗakin mata na asibiti, a watan nan take ajiye aiki. Kullum da sassafe takan iso da jakarta da abin awon suga, ta fara da tambayoyin da mata suka tsana: me kika ci, kin sha maganinki, kina sa taba a baki?

Bara aka dawo da Mardiyya Katuzu daga Kano. Sankara ta sa an cire mata mama ɗaya, likitoci suka gina mata wani da naman cikinta. Tana da ciwon suga, ga ƙiba. Da wurin ya kumbura, Hashim ya ce ta ajiye maganin suga, wai shi ke hana ɗinki kamewa, ta riƙa gasa wurin da ruwan zafi kamar mai jego.

Sista ta ji labari a bakin wata maƙwabciyarta, ta hau babur har gidan. Ta tarar da tukunya a kan murhu, tsumma a ciki.

"Buɗe in gani."

"Sista, ai na samu sauƙi. Ko zafi ba na ji."

"Ina za ki ji, 'yar nan? Fatar wurin ko garwashi aka ɗora mata ba ta sani ba. Kin zauna kina dafa kanki kamar tarwaɗa."

Mardiyya ta yi dariya, sannan ta sunkuya ta duba, ta ga fatar ta ƙone.

Sista ta sauke tukunyar, ta auna suga, ta kira likitan Kano, aka mayar da Mardiyya Kano a ranar. Bayan an sallamo ta, wata biyu Sista tana bin hanyar fadama tana wanke ƙunar. Naman ya kama, ba a sake yanka ta ba.

Sista Zaituna, ke ce ba ki taɓa jin nauyin gaya wa mace cewa suga da hawan jini da ƙiba da taba su ke lalata ɗinki ba. Sun kira ki mafaɗaciya, amma da ƙafarsu suka koma gida. Mun gode, Zaituna, Allah ya saka miki. Masu tasowa a aikin nan su koyi tambaya kafin su taɓa ciwo.

Shi kuwa Hashim, an rufe shagonsa, an kwashe alluransa. Yanzu albasa yake sayarwa a tasha.