Kunnen Taubashina

A shekarata ta tara ina koyarwa a Gure na fara sabawa da tsohon da ke bayan gidanmu. Aikin ɗaukar sauti ya yi a wani gidan rediyo a Yamai tun ban shiga lekkol ba, wato makarantar boko, da ya ajiye aiki ya dawo gida da akwatuna biyu cike da kaset. Baba nake ce masa. Wata la'asar na shiga gaishe shi, na tarar da shi a zaure da wani baƙin abu mai faɗi ya rufe masa kunnuwa ruf. Kaske ne na sauraro, amma ba irin wanda ake ratayewa cikin leda a kasuwa ba.

"Zauna, Mushe," ya ce, yadda ake kiran malamin lekkol a nan. "Ka taɓa jin algaita?"

Na yi dariya. Wa zai girma a ƙasar nan bai ji algaita ba?

"Ba ka ji ba," ya ce, ya ɗora mini abin a ka.

Wani biki ne ya ɗauka can wajen Gidigir, shekaru da yawa baya. Mai algaita yana gabana, ganga tana gefen dama, sai wata mata ta rangaɗa guɗa a bayana. Wallahi sai da na waiwaya. Babu kowa sai bango da tulun ruwa. Baba ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce a Jamus aka yi kasken, kuma masu yin sa sun daina tun tuni, ko a can sai an tona kafin a samu.

Shekara biyu ina zuwa zauren nan. Ranar da ba lekkol, in na yi sallar la'asar, sai in ɗauki ɗan dabino ko ganyen shayi in tafi. Na san kowace tsaga ta jikin kasken, na san inda sosonsa ya lotse, na san wayar da Baba ya ɗaure da zare. Sau da yawa maganar saye takan zo mini har baki, kunya ta mayar da ita. Yaya zan dubi dattijo in ce ya sayar mini da abin da ya rage masa na aikinsa? A raina dai na riga na yanke cewa wata rana nawa ne. Wa ya fi ni sanin darajarsa a garin nan?

Ni da ƙafata na kai taubashina gidan. Ɗan kawuna ne, na girme shi da shekara shida, yana da shagon wayoyi da fitilun sola a bakin kasuwa. Mutum ne mai surutu, wanda kiɗa bai dame shi ba, in ba labarin kokowa ba babu abin da yake saurare. Ranar mun fito daga gaisuwar mutuwa, na ce ya raka ni. Baba ya sa masa kasken. Ya saurara har ƙarshe, abin da ban taɓa gani ba, sannan ya cire ya ce, "Baba, wannan na sayarwa ne?"

Na ji kamar in nutse. Na harare shi. Baba ya murmusa kawai.

Bayan wata uku na tafi gyaran takardun jarrabawa a Damagaram, na yi kwana goma. Da na dawo na tarar da zauren a kulle. Mai ɗakina ta ce ɗiyar Baba ta zo ta tafi da shi Maraɗi saboda ciwon ƙafarsa, ba zai dawo da wuri ba. Washegari na bi ta kasuwa, sai ga taubashina a ƙofar shago, kasken rataye a wuyansa, yana cin gyaɗa.

"Ɗan mace, ka dawo?" ya ce. Haka yake kirana tun muna yara, don uwata ƙanwar ubansa ce. "Zo ka ga abin da ubangidanka ya saya."

Har da ampili, ɗan akwatin da ke ƙara wa sauti ƙarfi. Baba ne ya aika aka kira shi ana gobe zai tafi, ya ce tun da shi ne ya taɓa tambaya, ga shi.

"Ni fa?" na ce. Ban san lokacin da maganar ta fito ba.

"Ai na tambaye shi. Ya ce shekara biyu kana zuwa ba ka taɓa nuna kana so ba, ya ɗauka zumunci ne ke kawo ka."

Na ce Allah ya sa alheri, na wuce. Na hau babur na nufi gida.

Abin da na yi bayan nan ba abin alfahari ba ne, amma zan faɗe shi yadda ya faru. Na canja hanyar zuwa lekkol don kada in bi ta gaban shagonsa, ina zagayawa ta cikin rairayi, babur yana kafewa ina turawa. In aka ce ga shi nan ya zo gidanmu, sai in ce ina da takardun gyara. Ya aiko mini da saƙo cewa in zo in ɗauki kasken in yi sati da shi, na ce ba ni da lokaci. Da na ji labarin yana sa wa masu sayen waya su saurara, har da makiyayan da ke shigowa ranar kasuwa, kowa da man kansa da zufarsa, sai na kasa cin tuwo. A majalisa na riƙa cewa abu ya faɗa hannun wanda bai san shi ba, ba zai yi wata shida ba zai lalace. Kuma ina fatan hakan. Na san ina fata, ina istigfari, gobe in sake.

Mai ɗakina ta gaji. Ta ce, "Malam, ɗan'uwanka ne fa. Gona ya ƙwace maka?"

"Ba za ki gane ba."

"Na gane sarai. Ƙyashi ne, sunansa ke nan."

Daga nan na shiga nema. Na faɗa zaurukan masu son sauti a waya, ina karanta Faransanci har idona ya yi ja. A nan na gano cewa na Baba ba shi ne ƙarshe ba, akwai yayansa, wanda aka yi kaɗan aka daina, wanda masu abin suke magana a kansa kamar ana zancen ingarman doki. Ranar da na karanta haka na ji wani sanyi a ƙirjina. Ba sautin nake tunani ba. Fuskar taubashina nake hangowa.

Wata bakwai ina bibiya. Sau biyu ana riga ni. A ƙarshe wata tsohuwa a Faransa ta sa na mijinta da ya rasu a kasuwa, wani tsohon ɗalibina da ke karatu a can ya je ya duba mini, ya ce lafiya lau yake, har da kwalinsa. Na sayar da babur, na haɗa da rabona na dabinon kwarinmu na shekarar. Ɗalibin ya riƙo shi zuwa Yamai da ya zo hutu, daga can aka sa shi a mota. Ranar da zai iso na riga masu tasha zuwa tasha.

Ban buɗe shi ni kaɗai ba. Na aika aka kira taubashina, na ce ya zo da ampilinsa, don nawa bai samu ba tukuna. Na sa aka dafa shayi, na shimfiɗa sabuwar tabarma. Ya zo da fara'arsa kamar ba mu yi wata bakwai muna ƴar ɓuya ba. Ya ɗaga kasken, ya juya shi, ya ce, "Kai, ɗan mace, ka yi ƙoƙari. Wannan ya fi nawa." Na so ya faɗe shi da ɗaci. Da zuciya ɗaya ya faɗa, abin ya ƙara ba ni haushi.

Na fara saurare. Bikin Gidigir muka sa, wanda Baba ya juye mana a waya tun da daɗewa. Ya yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Na miƙa masa ina jiran in ga ya raina nasa. Ya lumshe ido, can sai ya ɗaga yatsa.

"Ka ji awarwaron? A nawa da ƙyar nake jin sa, a nan kuwa kamar a gabana take tafi."

"Wane awarwaro?"

"Na matar da ke tafi ta hagu. Ga kuma wani tsuntsu can nesa."

Na karɓa, na mayar da wurin baya. Algaita, ganga, guɗa. Babu awarwaro. Na ce wasan taubasai yake mini. Ya rantse. Mai ɗakina tana wucewa da faranti, ya ce, "Matarmu, zo ki raba mu." Ta sa, ba ta yi minti ɗaya ba ta ce, "Ga shi nan, kacau-kacau, har biyu ne ma."

Sai taubashina ya ce in juya kasken, na hagu ya koma dama. Na juya. Can ƙasa, siriri kamar zare, na ji shi. Na mayar daidai, ya ɓace.

Taubashina ya tsiyaya shayi ya miƙo mini, ya kama zancen tsadar gero.

Da hutu ya zo na je gidan likita a Damagaram. Aka sa ni a wani ɗan ɗaki, aka ce in ɗaga hannu duk lokacin da na ji ƙara. Likitar ta nuna mini takarda, ta ce kunnena na hagu ya daina kama siraran sauti, na dama ma ya fara bin sa. Ta tambaye ni ko na yi ciwon kunne ina yaro. Na yi, har ruwa ya riƙa fita, aka ɗiga mini man shanu. Ta ce abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a kiyaye saura.

A motar dawowa ban yi tunanin babur ba, ban yi tunanin dabino ba. Taubashina nake tunani, da kunnuwansa biyu lafiyayyu waɗanda bai nema ba, bai sayar da komai ya same su ba, yana ɓata su a kan ihun ƴan kokowa.

Yanzu duk Juma'a bayan an sauko yakan zo da ampilinsa, don har yau ban sayi nawa ba. Ya koyi sauraro, ya ma fi ni sanin tsofaffin makaɗa. Yakan sa nawa, ni in sa nasa, ko mu yi musaya. In ya ji wani abu sai ya taɓa gwiwata ya ce ga mai gurmi ya ja numfashi, ga wani ya ajiye kwano. Wani lokaci in gode, wani lokaci in ji kamar in fizge wayar.

Makon jiya ya ce in sayar masa da kaskena, tun da dai, sai ya yi shiru bai ƙarasa ba.

"Tun da dai me?" na ce.

"Ba komai, Yaya."

Bai taɓa ce mini Yaya ba. Na ce ba na sayarwa ba ne, ko bayan raina sai ya yi shari'a da ƴaƴana. Ya yi dariya, ni ma na yi, amma da gaske nake. Da ya tashi tafiya na raka shi har bakin titi, na ce ya gaida kawu, Juma'a mai zuwa kuma ya zo da wuri.