Ranar da Na Kai Bakano Ganin Ganuwarsu

Yayan matata Bakano ne, kuma tun da na auri ƙanwarsa bai taɓa zama da ni ya tashi bai ce mu Hausawan Jos ba mu da asali ba. Wai ci-rani kakanninmu suka zo, daɗin dankali ya hana su komawa. A gaban 'ya'yana yake faɗa, su kuma marasa kunya su yi ta dariya. Abin ya daɗe yana ci mini rai.

Da ya zo mana wata ƙaramar Salla na ce yau zan rufe masa baki. Na ɗauke shi daga unguwarmu ta Ali Kazaure sai gidan tarihi. Maganar Allah ni ma ban taɓa shiga ba, alhali a garin aka binne cibiyata. Mu gidan zu muka sani, a kai yara su ga zaki yana hamma, a dawo.

Muka wuce tukwane da kawunan yumɓu da wani tsohon jirgin ƙasa, ina ta raba ido ko zan ga abin da zan ce namu ne. Babu. Ubana ya ƙarar da ƙarfinsa wajen haƙar kuza a Naraguta, amma abin da ya bari kududdufi ne, ko allo ba a kafa masa ba, sai masu wankin babur.

Can muka ɓulla wani fili, sai ga katanga ta jar ƙasa, doguwa, har da ƙofarta. Mai yi mana bayani ya ce kwaikwayon ganuwar Kano ce aka gina.

Yaya ya ƙyalƙyale da dariya. "Ka gani ko, mutumin Jos? Tarihin ma sai da kuka ari namu!"

Na ce mu tafi. Ya ƙi. Ya shafa katangar, ya ja da baya, ya ɗaga kai har hularsa ta kusa faɗuwa.

"Ashe haka tsayinta yake," in ji shi.

"Yaya, ba a bayan gidanku take ba?"

"Wacce? An yanka ta filoti, shaguna ne yanzu. Ɗan abin da ya rage kuma nan muke zuba shara."

Sai ya gyara babbar riga, ya miƙo mini waya. "Ɗauke ni. Amma ka kauce wa duwatsun can naku, kada su fito."

Na ɗauka. Hoton yana rataye a shagonsa a Kano, duk wanda ya tambaya sai ya ce ai ta wajen unguwarsu ce.

Da ya dawo bara, muna cin tuwo ya fara, "Ku mutanen Jos ai..." Na ce, "Yaya, in ba yaran nan labarin hoton?"

Ya ce a ƙaro masa miya.