Ranar da Doña Herminia Ta So a Ci Mu

Duk wanda ya taɓa shiga zauren wasan garinmu Monte Claro ya ji Doña Herminia kafin ya gan ta. Gajera ce, kuku a makarantar firamare, amma tana da murfin tukunya da ludayin ƙarfe, kuma shekara talatin ba a yi wasan ƙwallon kwando a garin nan babu ita ba. Aikinta ɗaya ne. Idan alƙalin wasa ya ba ɗan wasan baƙi jifan kyauta, ya tsaya shi kaɗai ba mai tare shi, ya saita hannu, sai ta miƙe ta zabga wa murfin nan ludayi ta bi shi da ihu. Na ga ƙarti masu tsayin ƙofa sun jefa ƙwallo ko bakin kwandon ba ta taɓa ba.

Kujerata na jikin tata. Ita ta riƙe 'yata ranar baftisma, shi ya sa nake ce mata comay tana ce mini compay, kuma kunnena na hagu a hannunta ya yi ritaya tun kafin in yi tawa daga raba wasiƙu.

Ƙungiyarmu, in faɗi gaskiya, ba ta iya ba. Sai dai a wannan wasa rashin iyawa ma yana da ladansa. Kowace shekara samarin da suka gama jami'a sukan ba da sunayensu, ƙungiyoyi goma sha biyu su taru a San Juan, babban birnin tsibirinmu, su zaɓa bi da bi. Wadda ta zo ta ƙarshe a gasar da ta wuce ita ke fara ɗauka, mai kofi kuwa sai abin da aka rage mata. Yaro ba shi da ta cewa, inda aka kira sunansa can zai ajiye jakarsa.

Sau uku muka fara zaɓe a rayuwata, kuma Herminia ta haddace su kamar sunayen 'ya'yanta. Na farko wani zabgege ne haifaffen New York, wata ɗaya ya yi ya gudu, wai kukan kwaɗi ya hana shi sakat. Na biyu yana da hannu, Allah ya ba shi, amma bayan shekara biyu ya ajiye ƙwallo ya zama fasto, yanzu haka in ka je cocinsa sai ya sunkuya zai shiga. Na ukun ba ta son a ambace shi, domin yaron da muka tsallake muka ɗauke shi, shi ya je ya ɗaukar wa Playa Honda kofi sau biyu. Playa Honda kuwa, 'yan gishirin bakin teku, su ne abokan gabarmu tun kakanni. Awakin dutse suke ce mana.

To bara sai abin ya zo har cikin ɗakinta. Autanta Yadiel, wanda ta tura wajen ƙanenta a Amurka karatu yana ɗan shekara sha huɗu, ya gama jami'a ya sa sunansa a zaɓen. Da a ƙaramar ƙungiyar garin nan ya ƙarasa tasowa, da doka ta bar mana shi babu gardama, amma tafiyar ta cire shi daga wannan layin. Kowace jarida ta ce shi za a fara ɗauka. Shekara takwas tana ganin ɗanta ta waya. Abin da take so bai wuce ya dawo gida ba, ya sa rigar Monte Claro, ya ci shinkafa da wakenta da zafinsu.

Lissafin kuwa ya tsaya cak: mu da Playa Honda muna can ƙasa, makinmu daidai, kuma wasan ƙarshe tsakaninmu ne, ranar Lahadi da yamma, a zaurenmu. Wanda aka ci shi ke da Yadiel.

Ranar Asabar na gan ta ta fito daga coci tana waige-waige kamar wadda ta yi sata.

"Comay, lafiya? Yau ba Lahadi ba."

"Kyandir na kunna," in ji ta ƙasa-ƙasa.

"Don mu ci?"

"Rufe mini baki, Genaro! Don a ci mu. Fada ya tambaye ni, na faɗa masa, ya ce shekara ashirin yana roƙa wa ƙungiyar nan nasara ba a amsa ba, tawa dai da wuya a ƙi ta."

Ranar wasa ta zo da murfin, don ba ta san hanyar zauren ba in babu shi. Amma tana zama ta tura mini shi da ludayin.

"Riƙe, compay. Ko na yi kuka, ko na zage ka, kada ka ba ni."

"In kin cije ni fa?"

"Ka jure. Ai kai namiji ne."

Ban taɓa ganin wasa mai ban kunya irin wannan ba. Namu su jefa a waje, mu yi ajiyar zuciya don daɗi. Nasu su jefa a waje, 'yan gishiri su yi tafi. Wani tsoho a bayanmu ya yi wa ɗan wasanmu tsawa don ya ci maki uku a jifa ɗaya: "Kai ɗan nan, wa ya aike ka?" Herminia kuwa ta zauna a kan hannayenta biyu, gumi na bin wuyanta.

Saura daƙiƙa biyu a tashi, muna gaba da maki ɗaya, sai alƙali ya hura, ya ba ɗan Playa Honda jifan kyauta biyu. In ya ci duka, an ci mu, Yadiel ya dawo gida. Zauren nan na mutum dubu uku ya yi tsit, kowa na lallaɓa yaron kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya buga ƙwallo a ƙasa sau uku. Ya ɗaga hannu.

Wallahi ban ji lokacin da murfin ya bar cinyata ba. Sai dai na ji ƙarar a kunnen da nake zaton ya mutu.

"Ɓarar da ita, ɗan gishiri! Hannunka kamar na wanda ya kwana a ruwa!"

Ya ɓarar da ta farko. Ta ƙara masa, ya ɓarar da ta biyu. Aka tashi. Herminia ta hau kan kujera tana rawa, ita kaɗai a duk ɓangarenmu, tana jujjuya ludayi. Sai a hankali ta lura ba wanda ya taya ta. Ta dubi allon maki, ta dubi hannunta, ta dube ni.

"Genaro, me ya sa ka ba ni?"

Na yi ta gaya mata cewa yaron nan da gangan zai ɓarar ko da ba ta buga ba, tunda su ma Yadiel suke so. Ba ta yarda ba. A ganinta wannan ma raini ne ga murfinta. Kwana uku tana dafa wa 'yan makaranta abinci babu gishiri, kuma tausayinta ya kama ni ƙwarai, ko da yake sai na ɓuya nake dariya.

Ranar zaɓe ni na tuƙa ta zuwa San Juan. Babban ɗakin taro ne na otal, kowace ƙungiya da teburinta, samari a gaba cikin kwat ɗin da hannayensu suka yi musu kaɗan, iyaye a baya. Ta sa baƙar riga kamar mai zuwa jana'iza, ta rantse ba za ta tafa ba. Shugaban gasa ya hau mumbari ya buɗe takarda.

"Zaɓi na farko, Playa Honda ta ɗauki Yadiel Quiñones Rosa."

Rosa sunan gidan ubanta ne. Jin sa ta lasifika, gaban 'yan jarida, kafin sunan kowa a duk tsibirin nan, sai rantsuwar ta bi iska. Ta tafa har zobenta ya fice.

Aka sa wa Yadiel rigarsu shuɗiya da hula. Ya sauko ya nufo mu, ya durƙusa don ya daidaita da ita.

"Mami, an ce ke kika sayar da ni."

"Hannuna ne, ba ni ba," ta ce, hawaye na zuba. "Na so ka a gida."

"Awa biyu ne a mota, Mami. Da fa sai an hau jirgi. Sun ce Litinin ba atisaye, ki ɗora tukunya tun Lahadi."

Ya cire hular nan ya kifa mata a ka, kamar yadda kowane yaro ke yi wa uwarsa a ranar. Ta kai hannu, na ce shi ke nan za ta yar, ashe gyara mata zama take yi. Manajan 'yan gishiri ya zo yana washe baki zai gaishe ta, ta riga shi.

"Ba ya cin abin da ya kwana, kuma in ya rame ni da kai ne."

"An gama, Doña," in ji shi, har da rusunawa.

Muka kamo hanyar gida, hular na kanta. Muka hau dutse muka gangara, tana kanta. Da muka iso gadar shiga gari na rage gudu.

"Comay, cire abin nan kafin a gan ki. Kin san bakin mutanenmu."

Ta jawo madubin mota ta duba kanta, ta ɗan karkata hular gefe, ta sauke gilashi har ƙasa.

"Su gani mana. A cikinsu wa ya haifi zaɓi na farko? Bi ta dandali, compay, kuma ka tafi a hankali."