Haƙorin Makkan Goggo Kande

Duk wanda ya taɓa sayen waina a lungun su Goggo Kande a Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarbawa, ya san dariyarta, don da ta buɗe baki zinariya ke walƙawa a gefen dama. A Sabon aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan mijinta Mijinyawa ya rasu ya bar ta da tanda da 'ya ɗaya, Fauziyya. Da tandar nan ta ciyar da 'yan dakon kasuwar Bodija shekara da shekaru, da ita kuma ta je aikin hajji. Ba wanda ya biya mata. Tsarabar da ta yi wa kanta ita ce haƙorin Makka.

Ashe a ƙarƙashin zinariyar haƙorin yana ruɓewa. Da ciwo ya tsananta, likitocin wani asibiti suka huda shi ta baya, suka kwashe jijiyar, suka cike ramin, ba su taɓa fuskar zinariyar ba. Goggo ta yi ta sa musu albarka.

Damina ba ta zagayo ba dasashin ya kumbura, ya tara ruwa. Ta gwada kanumfari, ta gwada ruwan gishiri, ta gwada tofi. Kunci ya haye har ido ya ƙanƙance. Zafin murhu kuwa kamar ana soka mata allura, dole ta kife tanda.

Fauziyya ta ja ta zuwa wurin wata likita Bayarabiya a unguwar Mokola. Likitar ta duba hoton haƙorin ta yi bayani, Fauziyya na fassarawa.

“Inna, wai akwai wata 'yar hanyar jijiya da ba a wanke ba, ita ce ta ruɓe. Sai an yanke zinariyar a sake aikin daga farko. Kuma ko an sake, ba tabbas.”

“Ta bi ta baya mana, kamar na farko!”

“Ta ce bakin zinariyar ya saki, ta nan datti ke shiga.”

Goggo ta damƙe hannun likitar. “'Yata, ki yi wa Allah. A gaban tanda na ƙone kafin in same shi. Ba zan sake ganin Makka ba.”

“Alhaja,” in ji likitar da gurɓatacciyar Hausa, “kumburi yana tafiya wuya.”

Goggo ta miƙe za ta fita, jiri ya mayar da ita kujera. Fauziyya ta durƙusa tana kuka. “Inna, zinariya zan riƙa gaisarwa da safe?”

Goggo ta daɗe tana kallonta. Sannan ta kwanta, ta buɗe baki.

Da aka gama yanka, ta miƙa tafin hannu. Abin da aka sa mata bai fi ɓawon gyaɗa ba, a tsage. Ta ƙulle shi a bakin gyalenta.

Kumburin ya saɓe, ta koma gaban tanda. Likita ta ce sai an ga watanni kafin a san ko haƙorin zai zauna. 'Yan dako na tsokanarta, “Hajiya, ina fitilarmu?” Takan yi dariya da hannu a baki. In sun tafi, sai ta wanke yatsa ta danna dasashin a hankali, ta tsaya tana jiran abin da za ta ji.