Teloli Biyu a Layi Ɗaya

Na daɗe ina koyar da ilimin tattalin arziki a wata makarantar yamma da ke Tarauni, irin wadda manya ke zuwa bayan la'asar don su sake zana jarrabawar da ta kayar da su suna yara. Direbobin adaidaita sahu, masinjojin ofis, matan aure da goyo, duk a aji ɗaya. Darasin da na fi ƙauna a manhajar shi ne na 'yancin tattalin arziki: cewa mutum na da ikon zaɓar sana'arsa, ya yi ta inda ya ga dama, ya juya abin da ya mallaka, mai saye kuma ya je inda ransa ya kwanta. Ranar wannan darasi ba na zama a kujera, sai muryata ta dishe. Na taso ina ganin yadda ake danne mai ƙaramin ƙarfi da sunan tsari, shi ya sa abin ke ci mini rai, kuma har gobe ban sauya ra'ayi ba.

Wata shekara na sami wata ɗaliba mai zama a bencin gaba, tela ce, kuma layinmu ɗaya a Gyadi-Gyadi. Iyayenta mutanen Filato ne, aikin gwamnati ya kawo mahaifinta Kano, a nan aka haife ta, Hausarta ma ta fi tawa daɗi. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu, sai ta dawo gidan da ta gada wurin mahaifinta. Wadda ta koya mata ɗinki wata Hajiya ce, tsohuwar telar layin, wadda ta ɗauke ta tun tana budurwa, ta zaunar da ita a kan keke, ta ci da ita, ta raka ta ɗakin miji ranar aurenta duk da ba addininsu ɗaya ba. Ban taɓa jin Hajiya ta kira sunanta ba. Kullum "'yata" take ce mata.

Teloli na da wata al'ada da ba wanda ya rubuta ta, amma kowa ya sani: wanda aka yaye ba ya kafa kekensa a layin wanda ya koya masa. Saboda haka ɗalibata ta kama rabin shago can Hotoro, inda ba wanda ya san hannunta. Ta fita da sassafe, ta biyo ta makaranta da yamma, ba ta isa gida sai bayan magariba, yaranta na rakuɓe a gidan maƙwabta. Alhali a jikin gidanta akwai shago nata na kanta, yana kallon na Hajiya ido da ido, an garƙame shi da kwaɗo, ba kowa ciki sai ɓeraye. Duk sanda na wuce ta gabansa sai raina ya ɓaci.

Ranar da na yi darasin 'yanci, na gama zuba ke nan ta ɗaga hannu.

"Malam, wa ke ba mutum wannan 'yancin?"

Na ce, "Ba mai ba ki. Naki ne. Shagonki ne, hannunki ne, ba dokar da ta hana ki."

Ta ce, "To, ita Hajiya ta san da wannan?"

Aji ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Na ce mata abin da nake faɗa wa kowa, cewa gasa ba gaba ba ce, kuma ladabin da zai raba uwa da 'ya'yanta tun safe har dare ya kamata a sake duba shi. Ta rubuta, ta rufe littafinta.

Ba ta ɓalle kwaɗon kai tsaye ba. Ta sami wata dattijuwa a layin ta raka ta, da goro da turmin atamfa, suka je neman izini. Maiɗakina tana shagon Hajiya a lokacin, ta kai awo, ita ta ba ni labari. Ta ce ɗalibata ta durƙusa har ƙasa ta faɗi abin da ya kawo ta, ta ambaci yaran, ta ambaci wahalar hanya. Hajiya ba ta ɗaga ƙafa daga kan keke ba. Da ta kai ƙarshen ɗinkin ta tsinke zaren da haƙori, ta ce, "Ki buɗe mana. Wa ya hana ki?" Goron kuma ba ta taɓa shi ba. Duk ɗan Kano ya san abin da wannan amsa ke nufi, ɗalibata ma ta sani. Ta tashi, ta yi godiya, ta je ta share shagonta.

Aiki ya karɓe ta. Hannunta na da kyau, ta san irin ɗinkin da 'yan mata ke yayi, ga shi idon Hajiya ya fara rauni, ɗinkinta ya soma karkacewa. Kafin ƙaramar Sallah mata suka riƙa tsallaka layin da ledojinsu, wasu ma ta bayan layi suke zagayowa don kada Hajiya ta gan su. Yaran suka murmure, suna dawowa daga makaranta su tarar da uwarsu. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Abin da na koyar ne ya tabbata a ƙofar gidana.

Amma kowace safiya sai ta tsallaka ta durƙusa ta gaida Hajiya, kowace safiya kuma amsar ɗaya ce: "Lafiya." Ba "'yata", ba "yaya yaran". Ta kai mata abincin Kirsimeti kamar yadda ta saba, aka karɓa, aka dawo da kwanon a wanke ba ko ƙwayar gyaɗa a ciki, alhali da can Hajiya ba ta mayar da kwano fanko. Wata rana bayan an tashi daga aji ta tsaya ta ce mini, "Malam, da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi."

Maiɗakina kuwa ta ƙi tsallakawa. Sai ta karɓo riga daga wurin Hajiya, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ta saka abinta. Nakan zolaye ta in ce ita kaɗai ce a Kano ke biyan kuɗi a ɓata mata yadi. Takan ce, "Ka riƙe darasinka, ni wurinta aka ɗinka kayan aurena."

Ana cikin azumin shekarar da ta biyo Hajiya ta kwanta ciwo. Ɗalibata ta je dubiya ba sau ɗaya ba, ta zauna a bakin ƙofa, Hajiya ta juya fuska ga bango. Kafin a kai ga goman ƙarshe Allah ya yi mata rasuwa. Na ji mutuwar nan ƙwarai, amma abin da ya fi tsaya mini shi ne ganin ɗalibata ta rufe shagonta a tsakiyar kakar aiki, ta zauna cikin masu karɓar gaisuwa a can gefe, ba ta san ko tana da hurumin zama a wurin ba.

Bayan sadakar uku, babbar 'yar Hajiya ta tsallako layin da buhu a kai, cike da yadukan mutane, wasu an yanka, wasu an fara ɗinkawa. Ina tsaye a ƙofar gidana na ji abin da ta ce. "Hajiya ta bar sallahu. Ta ce kayan mutane da ke hannunta, a kawo wa 'yarta ta ƙarasa." Ɗalibata ta ce, "Haka ta faɗa? 'Yarta ta ce?" Da aka tabbatar mata, sai ta zauna a dandamalin shago ta rungume buhun, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza.

Ɗalibata ta ajiye aikin masu kawo mata ɗinki, wasu suka yi fushi suka kwashe kayansu, ba ta kula ba. Na Hajiya ta sa a gaba. Awon kuwa ba ta tambayi kowa ba, yawancin matan ita ta riƙa auna su tun tana koyo.

Ana gobe Sallah ta yi sallama a gidana da leda a hannu. Atamfar maiɗakina ce, tana cikin kayan buhun. Maiɗakina ta warware rigar ta ɗaga ta ga haske. Gefen dama ɗinki ne miƙaƙƙe, tsaf. Gefen hagu kuwa zaren ya taho ya karkace, ya dawo, ya sake karkacewa, har zuwa inda ya tsaya a ƙasan hammata.

Na ce, "Wannan gefen fa? Ai da kin farke kin gyara, ke da kika iya."

Ta ce, "Nan ta tsaya, Malam. Daga nan na ɗora."

Maiɗakina ta linke rigar. Washegari da ita ta je idi.